Shekarar da Na Ɗaura Zanin Hajiya

Na san abin da kuke faɗa in na ba da baya. Kunnena ɗaya ne ya yi nauyi, ɗayan garau yake. Duk sallar da kuka taru a gidan nan, da na shiga ɗaki na kishingiɗa sai a fara ƙus-ƙus a gindin mangwaro, wani ya ce ai shekarar da Baba ya ɗan taɓu ce, a kwashe da dariya, har jikokin da a lokacin ba su san damansu da hagunsu ba suna taya ku. To, tunda Allah ya ara mini kwana na zauna rubuta tarihina, kuma na iso wannan gaɓar, yau za ku ji daga bakin mai ita. Zani dai na ɗaura, ban musa ba. Na yi muryar mata, wannan ma haka ne. Amma hankalina ko gezau bai yi ba, wanda kuwa yake da ja ya zo ya same ni, ina nan zaune a zaure.

Sai na fara da cewa ni da mage ba ma ga maciji. Tun kakana da ya taso daga Kano ya yada zango a Lafiya, sana'armu riɗi ce da agushi da gishirin Awe, kuma a gidanmu abin da ba ya ɗaukar kaya, ba ya ba da nono, ba a yanka shi ran suna, ba mu ga dalilin ciyar da shi ba. Mahaifiyarku kuwa, Hajiya Asabe, Allah ya jiƙanta, ko ƙadangare ya kalle ta sau biyu sai ta nema masa abin karin kumallo. Akwai wata mage toka-toka, ta kan titi, marar uban gida, kunnenta ɗaya a yage, da ta mayar da katangarmu hanyarta. Ni in na gan ta takalmi nake cirewa. Hajiya kuwa sai ta faki idona ta tsinka kan kifi ta ajiye mata a bayan sito, ta tsuke baki tana "mus-mus-mus" da wata 'yar siririyar murya da ni mijinta ban taɓa samun irinta ba.

"Hajiya, ɓarauniya kike kiwo a gidana?"

"Baƙuwa ce, Alhaji."

"Baƙuwar da ta shiga tukunyar miya da ƙafa huɗu?"

"Kai da take hana ɓera riɗinka, ka taɓa ce mata sannu?"

Haka muka yi ta fama shekara da shekaru, ni jifa, ita ciyarwa, magen kuma ta ƙoshi ta kuma iya kauce wa takalmi. Sai Allah ya yi ikonsa. Hajiya ta kwanta ciwo ba na a zo a gani ba, kafin mu farga ta riga mu gidan gaskiya. Ba zan tsawaita a nan ba, don har yau in na tsawaita alƙalami ba ya tafiya. Bayan an share makoki aka kira malamin unguwa ya raba gado. Kun san yadda ake yi a wurinmu: ba a barin ko allura. Aka fito da akwatunanta, da tukwane, da ludaya, da muciya, har rariyar da ta huje sai da aka sa ta a lissafi. Aka ba ni rubu'ina na miji, sauran ya tafi ga ku biyun da Allah ya raya mana, Nasiru da Hauwa. Malam ya shafa fatiha ya ce ai yanzu ba abin da ya rage na mamaciya a gidan nan da bai sami mai shi ba.

Tun ranar kuka tasa ni gaba wai lallai sai na koma Abuja wurinku. Daga nan da suna zan riƙa ambatonku, saboda jikokin da za su karanta. Hauwa, wadda nake kira Uwata don sunan mahaifiyata ta ci, ma'aikaciyar jinya ce, ta iya magana da taushi kamar za ta ba ka allura. Nasiru kuwa na ofis ne, komai nasa sai ya ce "a tsari". Suka ce tsoho shi kaɗai a gida ba tsari ba ne. Na ce na je gidajen nan naku na gani, bene a kan bene, mutum ya shekara bai san sunan wanda ke taka masa kai ba. A nan kuwa ƙofata tana kallon masallaci, in na yi tari a zaure mutum uku za su ce sannu. A nan aka binne cibiyata, a nan uwarku take kwance. Da ƙyar suka ƙyale ni, amma da sharaɗi: ranar da suka ga alamar ba na iya riƙe kaina, za su zo su ɗauke ni, ba shawara. Suka kuma naɗa mini 'yar leƙen asiri, Mama Ladi, maƙwabciyarmu 'yar Eggon mai sayar da soyayyar doya, ƙawar Hajiya ta ƙut da ƙut. Ita ke aiko mini da abinci, ita kuma ke kai rahoto. Mace ce mai kirki, amma in ta ga abu da safe, kafin azahar an ji shi har can unguwar Akurba.

Da damina ta kankama, wata safiya na fito na tarar da magen nan a ƙofar gida, mai keke ya taka ta ya wuce. Na tsaya a kanta na rasa abin da ke mini daɗi. Abokiyar gabata ce, amma ita kaɗai ta rage mai zuwa bayan sito tana neman Hajiya. Na ɗauko fartanya na haƙa rami na rufe ta, na ce shi ke nan, an rufe wannan babin. Washegari na shiga sito duba buhunan riɗi saboda danshi, sai na ji wani ɗan kuka siriri daga lungu. Na ja buhu, sai ga tsohuwar roba, a cikinta wani zanin atamfa shuɗi mai zanen ganye, duk ya koɗe. Na gane shi nan take. Zanin girkin Hajiya ne, wanda hayaƙi da daddawa da turarenta suka kama shi har wanki ya daina fitar da su. Ashe ita ta shimfiɗa wa magen shi a ɓoye, shi ya sa ya tsere wa idon malam mai rabo. A kan zanin kuwa ga 'ya'yan mage uku, idanu a buɗe tar, kowace ba ta fi cikin tafin hannu biyu ba, suna kallona kamar sun san ni ne mai takalmin.

A nan na tafka wautar ɗan kasuwa. Mu abin da ke cikin roba hannu muke zura masa mu damƙo, mu ji nauyinsa. Na zura hannu. Wallahi ban san halitta ƙarama haka tana ɗauke da reza goma ba. Ƙaramar cikinsu, wata baƙa mai farin wuya, ta yi wani huci, ta tsaga mini bayan hannu, kafin in ce "a'uzu" duk ukun sun ɓace a bayan buhuna. Na zuciya, na ɗauko kwando na ce sai na kife su. Na yi ta zagaye sito ina haki, na ture mudu, na zubar da gishiri, gwiwata ta ce ƙas. Ko jelar ɗaya ban taɓa ba. Na fito na zauna a dakali ina tsiyayar gumi, na ce su mutu mana, ni na haife su? Amma ina alwalar azahar sai wa'azin nan da kowa ya sani ya faɗo mini, na matar da ta kulle mage ba ci ba sha har ta mutu. Sitona ne, kwaɗona ne a ƙofar. Kuma na san da Hajiya na nan, da tuni ta tsaya a kaina da hannu a ƙugu. Na ce to, na karɓe su, Allah ya ba ni ladan riƙon marayu.

Riƙon kuwa ya zo da darasi. Na kai musu tuwo, suka bar mini abina. Na sayi nono wajen 'yar Fulani na cika kwano, suka sha, suka yi ta zawo har sito ya gagari shiga. Sai busasshen kifi da na jiƙa a ruwan ɗumi na marmasa, shi ne ya karɓe su. Amma ba sa ci sai na fita. In na leƙo su watse. A hankali na lura abubuwa uku ke firgita su: tsayuwata, da babbar rigata mai fuka-fuki, da idona. In na zuba musu ido sai su ɗauka farauta ce. Don haka na koma shiga daga ni sai singileti da wando, ba hula, in zauna dirshan a ƙasa in ba su gefe, in ƙura wa bango ido kamar wanda aka yi wa laifi. Kullum in ɗan jawo kwanon kusa da ƙafata kaɗan. Don su saba da muryata sai nake jan wuridina a can, ƙasa-ƙasa. Ni Alhaji Sule, da dillalai ke miƙewa in na shigo kasuwa, ga ni a kan siminti ina lallashin abin da bai kai mudun agushi nauyi ba.

Na raɗa musu suna, don ba a zama da mutum ba suna. Babban, ja mai ƙaton ciki, na sa masa Kansila, saboda ba ka ganinsa sai akwai abin ci, yana lashe kwano kuma ya ɓace sai wani zagayen. Ta biyu Lantarki, don ba a san lokacin zuwanta ba, tana zuwa kuma kafin ka yi murna an ɗauke. Baƙar nan da ta tsaga ni kuwa, tana zama can saman buhu tana aiko mini da wata harara ta gefen ido da na shekara arba'in ina sha a gidan nan. Na sa mata Hajiya Ƙarama. Kansila ne ya fara cin kifi a bakin muciyar da nake miƙawa, don shi cikinsa ya fi tsoronsa girma. Lantarki kuma carbina ne ya ja ta. Ina cikin ja sai na ji an fizge, ashe tuntun take kai wa hari. Na rasa inda na tsaya a wuridin, na sake daga farko, ta sake fizgewa. Ran nan ne na fara yin dariya tun rasuwar uwarku, ni kaɗai a sito, har da hawaye.

Maganar zani kuwa ga yadda ta samo asali, ku buɗe kunne. Wata rana na ɗauko shi daga robar don in kakkaɓe in shanya, na rataya a hannu. Ina juyowa sai na ga Kansila da Lantarki suna biye da ni har bakin ƙofa, hanci a sama. Ashe a wurinsu wannan warin shi ne uwa, shi ne gida. Na zauna na shimfiɗa shi a cinya, ban gama gyara zama ba Kansila ya hau ya kwanta yana wani gurnani a ƙirji kamar ƙaramin janareta. To zanin yana zamewa in na motsa, ga farata sun riga sun yi wa wanduna biyu kaca-kaca. Sai na ce me zai hana in ɗaura shi kawai? Maƙwabtanmu Tibi maza suna ɗaura zani da yamma a ƙofar gidajensu, ba wanda ya kira musu likita. Na ɗaura. Kuma da yake muryata ta saba da ciniki a cikin hayaniyar kasuwa, in na ce "mus" sai su ji kamar aradu, dole na siranta ta, na kwaikwayi ta Hajiya iya yadda zan iya. Dabara ce tsantsa, ba komai ba.

Abin da ban sani ba, Mama Ladi ta hau turmi tana shanya barkono a kan katanga. Ta hango Alhaji ba hula, ɗaure da zanin marigayiya, yana tafe da kwano yana rangwaɗa saboda ciwon gwiwa, yana "mus-mus-mus, zo nan Hajiya Ƙarama, daina hararata" da muryar mata. Aka ce barkonon ma a ƙasa ta bar shi. Da yamma ta shigo da kanta maimakon ta aiko da abincin, ta tsaya nesa da ni kamar ina cizo.

"Alhaji, jiki yana lafiya?"

"Lafiya lau, Mama Ladi."

"Kai yana magana da wane ne a sito?"

"'Ya'yan mage ne. Marayu."

"Ina shi? Nuna mini."

Na kai ta. Ai kun san sauran. Dabbar da ta tashi a ɓoye, in ta ji baƙon taku ko numfashinta ba ka ji. Muka tsaya a sito ba kowa sai buhu. Na yi kira, shiru. Mama Ladi ta dubi robar, ta dube ni, ta ce, "Sori, Alhaji. Allah zai kawo sauƙi." Tana fita na ji tana danna waya.

Da Uwata ta kira ni na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta ce to Baba, ɗauko mana hotonsu mana. Na yi kwana biyu ina fama da wayar nan. Da na ɗaga ta sai su watse. Abin da na samu na tura shi ne hoton buhu, da hoton babban yatsana, da wani dishi-dishi da na rantse jelar Kansila ce, Nasiru kuma ya ce igiyar buhu ce. Ran Asabar da hantsi sai ga mota a ƙofar gida, su biyun, fuska ba walwala. Ba su ko sha ruwa ba Nasiru ya durƙusa a gabana yana magana a hankali kamar da ɗan yaye.

"Baba, yau wace rana ce?"

"Asabar."

"Ka gane ni? Wane ne ni?"

"Kai ne wanda ya yi mini fitsari a buhun agushi kana shekara huɗu, ka ce ruwan sama ne."

Uwata ta juya baya tana danne dariya, amma ba ta sauko daga bakanta ba. Na nuna musu tabon hannuna, ta ce tsofaffi sukan yaƙushi kansu ba su sani ba. Na nuna kwanon da ake lashewa tas kullum, na ce in ba ƙira me ya ci gawayi? Nasiru ya ce ɓeraye. Ya kunna fitilar waya ya shiga sito da takalminsa mai ƙwas-ƙwas, yana ƙamshin turaren da zai kori ko akuya, yana ɗaga buhu yana jefarwa, Mama Ladi a bakin ƙofa tana ba da labarin yadda wani kawunta a Doma shi ma da haka ya fara. Ni na san inda suke, akwai wani rami tsakanin bango da tsohon ƙyauren da aka jingine, amma na san in na nuna Nasiru zai zura hannu, a yi asarar amanar da na sha wuya kafin in samu. Ya fito yana kakkaɓe riga ya ce, "Baba, ba komai a ciki." Uwata ta shiga ɗakina, na ji tana zuge jaka. Suka ce bayan azahar za mu kama hanya, akwai likitan ƙwaƙwalwa da ta sani, a kulle gidan gaba ɗaya.

A nan ne tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, ba zan ɓoye muku ba. Na ga an sa kwaɗo a sito da rai uku a ciki. Na ga kaina a saman bene ina kallon titi ta taga, ana ba ni ƙwaya safe da yamma saboda magunan da ba wanda ya yarda akwai su. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tuɓe riga da hula a gaban 'ya'yana, na ɗauko zanin na ɗaura, na shiga sito da kwanon kifi na zauna a ƙasa, na siranta murya.

"Mus-mus-mus. Kansila, fito ga kifi. Lantarki. Ku rufa mini asiri."

Mama Ladi ta ɗora hannu a ka ta ce, "Kun gani? Haka yana yi kullum!" Nasiru ya sunkuyar da kai. Na yi ta kira har muryar ta shaƙe. Kansila, wanda bai taɓa ƙin kifi ba tun da aka halicce shi, ranar ya ƙi. Na kwance zanin na ajiye a ƙasa, na ja jiki na koma bakin ƙofa na zauna, na ce a raina shi ke nan, sun ci amanata. Nasiru ya ɗauki jakar ya yi waje wajen mota, Mama Ladi ta bi shi tana ƙara masa bayani.

Uwata ce kaɗai ta rage. Ta sunkuya za ta ɗauke zanin daga ƙasa, sai na ga hannunta ya tsaya. Ta juya shi, ta dubi zanen ganyen, ta dubi wata ƙuna da ke gefensa.

"Baba, wannan ai zanin Mama ne. Da shi take goya ni in tana tuƙa tuwo."

Ta sulale ta zauna a kan simintin da tsadadden leshinta, ta ɗora zanin a gwiwa, ta cusa fuskarta a ciki. Ba ta yi kuka mai sauti ba, kafaɗunta kawai ke rawa. Sito ya yi tsit, ba takalmi, ba fitila, ba mai kallon kowa. Muka daɗe a haka. Can sai na ga wani jan kunne ya leƙo daga bayan ƙyaure. Kansila ya fito yana sanɗa, ya wuce ta ya nufi kifi, don shi dai ba a canza masa hali. Lantarki ta biyo shi ta tsaya tana shinshina gefen zanin. Sannan, abin da har gobe in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, baƙar nan ita ma ta fito daga bayan ƙyauren. Hajiya Ƙarama, wadda duk wahalar da na sha ba ta taɓa yarda ko inuwata ta taɓa ta ba, ta tako a hankali, ta ɗora ƙafa a kan zanin, ta hau cinyar Uwata, ta zagaya, ta kwanta.

"Kada ki motsa," na ce da raɗa. "Kada ki kalle ta cikin ido."

Ta ɗago fuska sharkaf da hawaye, ta saci kallon cinyarta.

"Baba... akwai su."

"Da ce miki na yi babu?"

Sai ga Nasiru ya dawo yana ƙwala kira tun daga zaure, wai a yi sauri kada hadari ya tare mu a hanya. Yana sa kai a ƙofa Uwata ta aika masa da harara, irin ta uwarta sak, ta ɗora yatsa a baki. Ya ƙame da mukullin mota a hannu, baki buɗe. Mama Ladi ta leƙo ta ƙarƙashin hammatarsa ta ce, "Kai! Ashe da gaske yana da mage!" Kafin ta rufe baki biyu sun ɓace. Amma baƙar ba ta motsa ba, ta dai buɗe ido ɗaya ta dubi Mama Ladi ta mayar ta rufe.

Ba wanda ya ba ni haƙuri a ranar, ku sani, har yau ina bin bashin wannan. Nasiru ya ce ai dama shi bai ce hauka ba ne, cewa ya yi a duba. Uwata kuwa ta shafa zanin ta ce, "Baba, ka bar mini shi in tafi da shi. Duk kayan da aka ba ni ba wanda ke warin Mama kamar wannan." Na ce ai ba nawa ba ne da zan bayar. Zanin nan gado ne da ya tsere wa rabo, kuma shari'a ba ta san tsohon zani da sabo ba. Rubu'i nawa ne, rabi na Nasiru, rubu'i nata. In tana son kasonta, ga almakashi can a ɗaki, sai ta tashi mai barcin ta yanka. Ta dubi 'yar baƙar da ta naɗe a kansa, cikinta na hawa yana sauka.

"Na bar mata kasona," in ji ta.

Nasiru ya sosa ƙeya ya ce shi ma ya bar nasa. Na ce to madalla, kun ga yanzu maguna ke da kashi uku, ni ke da ɗaya, kuma ba a taɓa jin ƙaramin abokin tarayya ya kulle manya a sito ya tafi Abuja ba. A fito mini da jakata daga mota. Aka fito da ita.

Abin bai tafi a banza ba, na biya farashinsa. Har yau in na ratsa kasuwa sai wani shaƙiyyi ya ce "mus-mus" daga bayan rumfa, kuma dillalan da ke miƙewa a da, yanzu sun koma gaishe ni a zaune suna murmushi. Gwiwar da na murɗe wajen bin su da kwando ba ta sake komawa daidai ba. Sau biyu aka yi sunan jikokina a Abuja, ban iya kwana a can ba, na je na dawo a yini saboda ba mai jiƙa kifi yadda suke so. Kansila ya zama ƙato, yana kwana a kan sallayata sai na roƙe shi ya matsa. Lantarki ta haihu ta sake haihuwa, rabin magunan unguwar nan jikokinta ne. Hajiya Ƙarama kuwa, ni da na ciyar da ita tun tana cikin tafin hannu, har yau in na miƙa hannu sai ta harare ni ta matsa gefe. Amma motar Uwata na tsayawa a ƙofa, tun kafin a kashe inji tana bakin zaure. Ina jin haushin abin, ba na ɓoyewa. Ina kuma jin daɗinsa fiye da yadda zan iya rubutawa.

To kun ji. Wanda zai ci gaba da dariya ya ci gaba, amma ya riƙa ba da labarin daidai. Saura abu ɗaya. Ranar da tawa ta zo, aka kira malam ya baje kayana a tsakar gida, kada ku ɓoye masa komai, ku gaya masa Baba yana da rubu'in wani zani a sito. Amma kada wanda ya kusance shi da almakashi. Ku bar shi a robarsa, masu shi suna kwance a kai.